Dawakin da Ba Sa Cin Harawa

Da fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya fito a Netflix a watan Nuwamban 2021, mun kwashe makonni muna kai ruwa rana a kansa. Wasu suka ce tufafin ba na Zazzau ba ne. Wasu suka ce don me sarauniyar Hausa za ta riƙa zuba Turanci. Wasu kuma abin da ya tsaya musu a rai shi ne soyayyar da aka ƙulla mata. Duk ƙorafi ne mai tushe, ban raina ko ɗaya ba. Amma a cikin hayaniyar nan kaf ban ji wanda ya yi tambayar da duk mai doki a ƙauye zai fara yi ba: dawakin nan me suke ci, wa ya yanko musu, kuma a bayan wace dabba aka ɗauko abincin?

Shirun nan ya fi kurakuran fim ɗin damuna, domin yana nuna masu shirya fim da masu sukarsu sun haɗu a kan abu guda. A wurinsu tarihi shi ne abin da ke jikin sarki, rawani da alkyabba da takobi. Gona da garke da rumbu kuwa labule ne da ake ratayawa a baya don kada bango ya fito tsirara. Ni ban yarda ba. A ƙasar Hausa yaƙi a bayan dabba yake tafiya, daga rumbu yake ci, kuma sau da yawa dabbar da rumbun su ne abin da aka fito nema. Duk fim ɗin yaƙin da ya kuskure wannan, labarin ya kuskure gaba ɗaya, ko da kuwa a gidan Sarkin Zazzau aka ɗinka masa alkyabbar.

A fara da doki, tunda shi kowa ke son gani.

Littafin tarihin sarakunan Kano da H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908 ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Littafin ya kuma ce Sarki Yakubu, a tsakiyar ƙarni na 15, ya aika wa Sarkin Nupe dawaki 10 aka aiko masa da babanni 12. Leo Africanus, a farkon ƙarni na 16, ya ce a Borno ana ba da bayi 15 zuwa 20 a kan doki ɗaya. Ka tsaya ka auna wannan. Dokin yaƙi da mutane ake sayensa, a hau shi a je a kamo wasu mutanen, a sake sayen wani dokin. Duk sanda darakta ya jera mahaya 50 a gaban kyamara, ɗaruruwan rayuka ya jera, ko ya sani ko bai sani ba.

Sayen ma shi ne mai sauƙi. Ingarman yaƙi ba a sakinsa ya yi kiwo kamar jaki. A turke yake, a barga, ana kawo masa komai har gabansa: ciyawar da yara suka yanko, harawa, dusa da kanwa, da hatsi irin wanda mutane ke ci. Mu yi lissafin kasuwa. A ce kowane doki tiya ɗaya ta dawa yake ci a rana, kuma wannan rowa ce ga dokin da ke aiki. Dawaki 1,000 sun cinye tiya 1,000, wato buhu 25 a awon yau na tiya 40. A wata guda buhu 750 ke nan, ba a sa abincin mahayan ba, ba a sa na 'yan ƙasa masu baka da mashi ba. Ga ruwa, wanda doki a zafin rani yakan sha jarka guda ko fiye. Jaki ba ya wuce buhu ɗaya, in ma ya ɗauka, kuma shi ma yana da baki. To ina jakunan? Ina takarkaran? Ina zagage da 'yan ciyawa da masu ɗaukar tulu? A finafinanmu runduna na fita daga ƙofar gari da sukuwa, ta isa fagen fama da sukuwa, ba guzuri ba zango, sai ka ce babura ne aka cika wa tanki. Lifidi kuwa, rigar nan mai kauri da ake cusa wa audugar rimi a lulluɓe doki da mahayinsa, nauyinsa da zafinsa ba sa barin a yi doguwar tafiya a guje. Wanda ya taɓa ganin 'yan lifidi a hawan sallah ya san taku suke yi.

Amsar tambayar nan, wa ya ciyar da dawakin, ita ce rabin tarihin da ake ɓoyewa. Bayi ne a rinji da gandun sarki suka noma, talakawa suka biya da dami, in kuma runduna ta yi nisa da gida, rumbun ƙauyen da ta tarar a hanya shi ne ya biya, ko na abokin gaba ne ko na masoyi. Ba banza ba sarautun Kano suka cika da doki: Madaki, wanda asalinsa Madawaki ne, da Sarkin Dawaki Mai Tuta, da Sarkin Dawakin Tsakar Gida, da Shamaki mai kula da barga. Fada ta san a kan me take zaune. Mu ne muka manta.

Akwai wani ƙaramin abu da ke ba ni haushi fiye da kima. A al'adar hawa ta ƙasar nan ba a buga wa doki takalmin ƙarfe. Kofatonsa tsirara yake a kan yashi da jigawa, sautinsa dum-dum ne mai zurfi. Amma saurari finafinan: ƙwas-ƙwas-ƙwas, ƙarar ƙarfe a kan titin dutse, wadda aka ɗauko daga ma'ajiyar sauti ta Turai aka liƙa. Idonka na Zazzau, kunnenka na Landan.

Sai lokaci. Masu ɗaukar hoto na son damina, kuma na gane dalili: kore ya fi kyau a allo. Amma babban yaƙi na rani ne. Sai an yi girbi hannaye sun samu sarari, rumbuna sun cika, rafuka sun janye, ƙudan tsando ya ja baya, sannan a buga tambari. Hari na 'yan sari-ka-noƙe kan iya zuwa kowane lokaci, har a tarar da mutane a gona. Runduna mai dubban dawaki kuwa ba ta barin gida a watan da masu baka da kwari ke tsakiyar noman farko. Kowane lokaci kuma da yadda dabbobi suke zama. Ka zo Shanono ko Bagwai a watan Agusta, ba za ka ga akuya na yawo ba. Da an yi shuka ake ɗaure su, a riƙa yanko musu ciyawa, takinsu na taruwa a turke don baɗi. Shanun Fulani kuma ta burtali suke bi su wuce tsakanin gonaki. Sai an kwashe amfanin gona ake sakin komai, makiyayi ya sauka a gonar manomi, shanu su ci kara su bar masa taki. Don haka idan fim ya nuna maka awaki na shawagi a cikin gero mai kore shar, ya nuna maka ƙauyen da ba dagaci, ba maƙwabci, ba kunya. Irin wannan ƙauyen ba a taɓa yin sa ba a ƙasar Kano.

Ga misalin da ya fi kowanne nuna haɗarin abin. A Tabkin Kwatto, a watan Yunin 1804, jama'ar Shehu Usmanu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka gamu da rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Gobirawa ne ke da dawakin lifidi, tare da Azbinawa a kan raƙuma. Jama'ar Shehu dawakinsu ba su wuce kamar 20 ba, kuma 'yan baka ne suka ci yaƙin, a ƙasa, da ƙafa. Duk ranar da wani ya yi ƙarfin halin sa wannan yaƙi a fim, na yi imani zai ɗora waɗanda suka yi nasara a kan fararen ingarmu da tutoci, don haka ido ya saba gani. Da ya yi haka ya juya labarin ya koma kishiyarsa: abin da ya girgiza ƙasar Hausa a ranar nan shi ne marasa doki sun kori masu doki. Abin da ya biyo baya ma labarin ciki ne. Yunwa ta addabi jama'ar, kuma neman abinci da makiyaya na cikin abin da ya ja su zuwa Zamfara, daga baya Gwandu a 1805. A cikin zaluncin da littafin Kitabul Farƙ ya lissafa wa sarakunan Hausa akwai jangali, harajin shanu. Harajin nan ya rayu ya wuce sarakunan, ya wuce Turawa, sai a 1979 Abubakar Rimi ya soke shi a Kano tare da haraji. Wanda ya cire saniya daga wannan tarihi, me ya rage masa?

Shanun ma ba kowace saniya ba. Bunaji ita ce farar nan mai baƙin kunne da baƙin hanci, wadda ta cika ƙasar Kano da Zazzau. Rahaji ja ce mai dogayen ƙahoni, ta Fulanin da ke doguwar tafiya. Bokoloji ta ɓangaren Sakkwato ce, ƙahonta gajere. Haka tumaki: 'yanƙasa daban, uda mai rabin jiki duhu rabi fari daban, balami na Borno daban. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce mai fatar da aka riƙa tsallakawa da ita Sahara, ta isa Turai da sunan Maroko. Makiyayi kan dubi garke daga nesa ya gaya maka daga ina masu shi suka fito. Wannan harshe ne da fim zai iya magana da shi kyauta: ganimar da aka koro daga arewa ta bambanta da wadda aka koro daga yamma, kuma mai kallo a ƙauye zai karanta ba tare da an ce uffan ba. Maimakon haka sai a kawo duk abin da aka samu a kusa, har da saniya mai ruwan Turai mara tozo, da fararen kajin gidan gona na tsattsaga a tsakar gidan ƙarni na 16.

Wani lokacin ma gaskiyar ita ce rashin shanun. A 1887 sojojin Italiya suka shigo da shanu ta tashar Massawa a gaɓar Bahar Maliya, tare da cutar bushiya. Cikin 'yan shekaru ta ratsa nahiyar, ta iso ƙasashenmu wajen 1890 zuwa 1891, kuma a wurare da yawa ta kashe tara cikin kowace goma. Makiyaya sun riƙe annobar da suna Sannu, gaisuwar da aka yi ta yi musu. Yanzu duba abin da ya biyo baya. Basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa ta fara a 1893. Turawa suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris. Garke ba ya dawowa da wuri: bunaji sai ta kai wajen shekara huɗu take haihuwar fari, kuma ba kowace shekara take haihuwa ba. Ke nan duk fim ɗin da zai ba da labarin Basasa ya kamata ya nuna ƙasar da nono ya yi tsada, takarkari ya yi wuya, Bafulatanin da ya mallaki ɗaruruwa yana riƙe da fartanya a karon farko. Bushiya ba ta kama doki da jaki, saboda haka fada na nan da dawakinta, daji ne ya zama kango. Wane marubuci ne zai ga irin wannan ya bar shi a ƙasa? Amma ana barinsa, saboda ba a san yana nan ba.

Gonar ma haka. Masana ba su daidaita a kan zamanin Amina ba: littafin tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, wasu kuma suna kai ta ƙarni na 16. In ka ɗauki na farko, babu masara, babu rogo, babu gyaɗa, babu barkono, babu tumatir, babu dankali, babu taba, domin dukkansu daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492. In ka ɗauki na biyu ma, da wuya su riga su cika gonakin Zazzau. Littafin ya ce Abdullahi Burja, wanda ya gaji Dauda, shi ne sarkin farko da ya mallaki raƙuma a ƙasar Hausa. Garmar shanu ta zamanin Turawa ce, daga wajen 1928 ma'aikatar gona ta fara koyar da ita. Amalanke ma baƙo ne: kafin Turawa kaya a ka suke tafiya, ko a bayan jaki da takarkari da raƙumi. Darbejiya, wadda yau ta zama inuwar kowace ƙofar gida, a 1928 aka fara dasa ta a Borno. Duk jarumin da ka gani yana wasa takobi a gindin darbejiya, ya girmi bishiyar da ɗaruruwan shekaru. Ga kuka da tsamiya da ɗorawa da rimi tsaye suna jira. Ga gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, daidai lokacin da runduna ke neman inuwa, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su.

Za a ce fim ba littafin tarihi ba ne. Gaskiya ne, kuma ban hana kowa ƙirƙira ba. A ƙirƙiri soyayya, a ƙirƙiri makirci, a sa wa Amina maganar da ba ta taɓa yi ba. Abin da aka rubuta a kanta bai cika shafi biyu ba, dole marubuci ya cike giɓi. Amma wannan ne ma ya sa ƙasar da take takawa ta zama tabbatacciya. Ba mu san me ta faɗa ba, mun san abin da ba ta ci ba. Ƙirƙira tana da wuri inda ilimi ya ƙare. Inda ilimin yake a fili, a bakin kowane tsoho a kasuwar ƙauye, ƙin tambaya lalaci ne kawai.

Za a ce Turawa ma suna yi. Suna yi mana. Braveheart na 1995 ya nuna yaƙin Gadar Stirling ba gada. Binciken da masana a Jami'ar Exeter suka yi a kan ƙasusuwan dawakin Ingila na da ya nuna yawancinsu ƙanana ne, irin waɗanda mu za mu kira ƙuru, ba dodannin da ake hawa a fim ba. Finafinan Yaƙin Duniya na Biyu sun cika mana ido da tankokin Jamus, alhali rundunar da ta afka wa Tarayyar Sobiyat a 1941 ta tafi da dawaki fiye da 600,000 suna jan bindigogi da abinci. Amma kuskuren wani ba lasisi ba ne, kuma manyan finafinan yaƙi na duniya su ne waɗanda suka ƙi yin sa. Seven Samurai na Kurosawa, 1954, gaba ɗayansa a kan girbi aka gina shi: 'yan fashi sun ce za su dawo in sha'ir ya nuna, manoma kuma ba su da abin biyan mayaƙa sai shinkafa. A Come and See na Elem Klimov, 1985, ɗaya daga wuraren da ba sa fita daga ran mai kallo shi ne inda harsashi ya sami saniyar da yaro ya koro don ciyar da mutanen da ke ɓoye. Kusa da gida akwai Sarraounia na Med Hondo, 1986, wanda aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani, aka ɗauka a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Ƙarfinsa shi ne ya bi ayarin Voulet da Chanoine na 1899 a matsayin abin da yake, wani ƙaton ciki mai tafiya da ƙafafun 'yan dako, yana cinye ƙauyuka yana ƙone abin da ya rage. Hanyar ayarin nan ta bi ta Lugu, garin Sarauniya Mangu, ta bi ta Birnin Ƙonni. Shekara kusan 40 ke nan da fim ɗin, kuma ba da kuɗin Netflix aka yi shi ba.

Wannan ya kawo mu maganar kuɗi, wadda ita ce garkuwar Kannywood a kowace muhawara. Akwai abubuwan da rashin kuɗi ke hanawa, ban musa ba. Amma a nan gaskiya ta fi ƙarya araha. Abin da ake kashewa a ɗauko hayar dawakin hawan sallah da kayan adonsu, ko dogayen dawakin 'yan ƙwallon dawaki, ya isa a tara jakuna da mangaloli da 'yan dawakin ƙauye. Ɗaukar fim da rani ba ya ƙara ko kwabo. Juya kyamara daga darbejiya zuwa kuka kyauta ne. Zama da Sarkin Fulani ko wani tsohon mai doki na yini guda, goro ne da kuɗin mota.

Amsar da ta fi ɓata mini rai ita ce ta ƙarshe: wai ba wanda zai lura. Su waye masu kallon? Mafi yawan waɗanda ake tura wa fim a waya a shagunan caji manoma ne, ko 'ya'yan manoma, ko matan da ke da awaki a bayan ɗaki. Suna lura sarai. Dariya suke yi su wuce, domin sun saba ba a tambayarsu. Wanda ba ya lura shi ne ɗan birnin da ya shirya fim ɗin, da ɗan birnin da ya rubuta sharhinsa.

Akwai kuma dalilin da ya sa abin ya fi gaggawa yanzu. A sana'ata ta rubuta manhaja, idan ka bar gurbi ba ka cike ba, manhajar ba ta barinsa fanko, tana cike shi da abin da wanda ya ƙera ta ya ajiye tun farko. Haka hoto yake. Shiga kasuwannin intanet inda masu haɗa hoton kwamfuta ke sayen siffofin dabbobi ka nemi saniya: baƙi-da-fari mara tozo za ta fara yi maka sallama. Yanzu ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke haɗa hoto da bidiyo daga umarnin rubutu, kuma masu ƙaramin jari za su rungume su, don sun fi hayar doki sauƙi. Waɗannan daga hotunan da ke akwai suke koyo. In hotunan da muka tara na ƙasar Hausa ta da cike suke da darbejiya da kajin gidan gona da rundunar da ba jaki, wannan za su haddace, su maimaita shi sau dubu, har ya zama shi yaro zai ɗauka asali.

Amma ba don kwamfuta nake wannan faɗa ba. A ƙarshen 2025 sunan Shanono da Tsanyawa ya shiga labarai ta hanyar da ba mu so: 'yan bindiga na tsallakowa daga iyakar Katsina a kan babura, su kore dabbobi, su ɗauki mutane, ƙauyuka irin su Faruruwa suna kwana da ido ɗaya. Ka tambayi wanda abin ya shafa me ya rasa. Zai ce maka shanun huɗa guda biyu, kuma ma'anar wannan ita ce gonar bana ta tafi, da bashin da aka ci aka saye su. Matarsa za ta ce tumaki huɗu, kuma a ƙasar nan yawancin awaki da tumaki na mata ne, su ne asusunsu, su ne kayan ɗakin 'yar da za a aurar, su ne kuɗin asibiti. Wannan ba sabon abu ba ne a yammacin Kano. A ƙarni na 19 Maraɗawa sun riƙa kawo hari wannan ɓangare, shi ya sa garuruwa suka yi ganuwa da kafi, aka bar fili da kududdufi a ciki don a shigo da dabbobi in an ji kuwwa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta aka buga a 1954, ta girma a wajen Zarewa, kuma ta ba da labarin yadda mahara suka kama 'yan uwanta da yadda aka yi ta haɗa kuɗin fansa. Wanda ya karanta shafukan nan yau zai ji kamar rediyon safe yake saurare.

To dubi yadda fim ke nuna harin ƙauye. Wuta a kan jinka, mata na gudu hannu a ka suna ihu, kyamara ta koma kan fuskar jarumi. Ba macen da ta ruga turke ta kwance akuyarta. Ba tsohon da ya tsaya a gaban rumbu. Ba yaron da aka tura ya kora maruƙa cikin kwazazzabo. Mutanen ƙauyen ba su da abin da suke karewa, saboda haka ba su da hankali ko dabara, kayan ƙonawa ne kawai don ran jarumi ya ɓaci. Yaron da ya taso da wannan hoto a birni shi ne zai girma ya ji an ce an kore shanu 30 a wani ƙauye ya ce to ai ba a kashe kowa ba. Wasu daga cikin irin waɗannan yara su ne ke zama a ofis su yanke shawarar inda za a tura jami'an tsaro.

Darakta mai niyya ba sai ya je Landan neman takardu ba. Ya je kara a Wudil ranar Juma'a, ko Dambatta ranar Lahadi, ko Maigatari ranar Alhamis, ya zauna kusa da dillalai ya yi shiru. Zai ji sunayen launin doki, kili da akawal da danda da gunya da hurde, waɗanda ba a taɓa furtawa a fim ɗinsa ba. Zai ga yadda ake ɗaure mangala, da yadda ake duba haƙorin sa. Sai dai ya hanzarta in jakuna yake so. Fataucin fatarsu zuwa Sin ya rage su ƙwarai, har Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka su don fata a watan Fabrairun 2024, kuma babur da a-kori-kura sun karɓe aikinsu a ƙauyuka da yawa. Tara jakuna 100 a wuri guda, abin da kowane madugu ke yi a da ba tare da ya yi gumi ba, yau sai an bi kasuwa uku ko huɗu.